Keken Ɗinki Ya Fi Jeren Kwanoni

Jama'a, mu marubuta mun cika littattafanmu da amare 'yan gadon Dubai, amma da wuya ka ga wadda aka kai ɗaki da keken ɗinki. Ni dai a ganina, iyayen amarya a Kagara ta ƙasar Goronyo su rage kwanonin jere, su sayo Butterfly na ƙafa, wanda ba ruwansa da ɗauke wuta. Tana ɗakinta za ta yi wa maƙwabta kalmasar zani, ta ƙawata rigar filo da zare mai launi, ƙyallayen da tela ke zubarwa ta harhaɗa su zama shimfiɗar jariri. Garin da ambaliyar 2010 ta ci ya san wahalar sake sutura. Kwanonin kuwa, shekara goma suna kabad ana goge musu ƙura.