Zalunci Ko Cuta? Waiwaye A Kan Fi'ilin Adikeo

Fi'ilin Girkanci adikeo ya zo fiye da sau 25 a Sabon Alkawari. Tushensa dike, wato adalci ko haƙƙi, sai aka liƙa masa ɗafa-goshin korewa a-. Saboda haka ake saurin fassara shi da “zalunta”. A ganina “cuta” ta fi kusa da shi, kuma bambancin ba ƙarami ba ne ga Hausawa Kiristoci, waɗanda ke karanta Littafi Mai Tsarki da harshensu tun fitowar cikakkiyar fassararsa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya taka rawa a cikinsa.

Fi'ilin yana da fuska biyu. Ta farko ita ce tauye haƙƙi. A Matiyu 20:13 mai gonar inabi ya musa wa ɗan ƙwadago cewa ya tauye masa wani abu, tun da a kan dinari ɗaya suka shirya. A Ayyukan Manzanni 25:11 kuma Bulus ya yi amfani da shi a gaban Festus, yana nufin laifin da shari'a ke hukuntawa. Ta biyu ita ce illa tsagwaronta: a Luka 10:19 ana maganar macizai da kunamu, a Wahayin Yahaya 6:6 kuwa man zaitun da ruwan inabi ne aka hana a taɓa.

“Zalunci” aro ne daga zulm na Larabci, wanda masana luga suka fassara da ajiye abu ba a muhallinsa ba. A bakin Bahaushe ya karkata ga mai iko da na ƙasa da shi: sarki da talaka, alƙali da mai ƙara. Ba a zaluntar man zaitun, ba a kuma kiran kunama azzaluma.

“Cuta” kuwa ta haɗa fuskokin biyu. Manomi a Zoza ta ƙasar Rogo, in ya yi jinga da ɗan ƙwadago kuma ya biya cif, cewa zai yi bai cuce shi ba. Shi ne dai zai ce fara ta cutar da dawarsa. Nahawunmu ma ya tanadi bambancin: “cuci” ta haƙƙi ce, “cutar da” ta illa.

Ga ma'auni mai sauƙi ga mai fassara: duk inda wanda abin ya shafa zai iya cewa “Allah ya isa”, haƙƙi aka taɓa, inda ba zai iya ba, illa ce kawai. A bar “zalunta” ga ayoyin da iko ya fito fili, kamar Ayyukan Manzanni 7:24, inda Musa ya ga Bamasare na gallaza wa Ba'isra'ile. In aka shimfiɗa ta ko'ina, mai karatu zai ɗauka cewa masu mulki kaɗai ake yi wa gargaɗi, alhali a 1 Korantiyawa 6:8 'yan'uwa ne Bulus ya zarga da cin haƙƙin junansu.