Mai Keke Ma Yana Da Haƙƙi a Hanyar Birnin Gwari

Sharhinmu na yau kan hanyar Birnin Gwari ne, da wani mai bin ta kullum da ba a cika sa shi a lissafi ba, wato mai keke.

Duk wanda ya san yammacin Jihar Kaduna ya san abin da hanyar nan ta gani. Tafiyar kimanin kilomita 120 ce daga Kaduna, ta Buruku da Udawa, ta ratsa daji ta shiga Birnin Gwari, daga nan ta miƙa Tegina a Jihar Neja ta kama hanyar Legas, wani reshe kuma ya yi arewa zuwa Funtua. Shekara da shekaru 'yan bindigar da suka yi sansani a dazukan Kamuku da Kuyambana sun mai da ita abin tsoro. Direbobi suka ƙaurace mata, wanda tafiya ta zame masa dole sai ya jira rakiyar jami'an tsaro. A watan Mayun 2018, rana guda aka kashe mutane fiye da 40 a ƙauyen Gwaska. Sai a watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, aka karɓi waɗanda suka ce sun ajiye makamai, aka buɗe kasuwar kara bayan ta yi kimanin shekara 10 a rufe. Tireloli suka dawo suna lodin shanu da masara. Alhamdu lillahi, muna roƙon Allah ya ɗorar da wannan sauƙi.

To amma dawowar mota ta zo da nata. Direban da ya saba da cewa tsayawa a dajin nan halaka ce bai daina taka wuta ba, domin tsoro ya koya masa gudu, kuma gudun ya zame masa jiki. Wanda zai fara kwana a ciki shi ne wanda ba ƙarfe a kewaye da shi: manomi a kan keke, ɗan makaranta da ƙanensa a kariya, mai tallan itace, mai kai niƙa.

A tuna fa, a shekarun wahala keken nan ya yi wa talaka rana. A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta haramta hawa babur na wata 3, ta katse layukan waya a wasu yankuna, an kuma hana sayar da fetur a jarka, duk don a toshe wa 'yan bindiga hanya. Babur abin hawan ɗan bindiga ne, amma shi ne kuma abin hawan mai kai mara lafiya asibiti. Da aka hana shi, abin da ya rage wa mutumin ƙauye ƙafa ce da keke. Keke ba ya shan mai, ba ya ƙara, yana bin 'yar siririyar hanyar gona da mota ba ta shiga. Daga baya, ranar 29 ga Mayun 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Mutum nawa ne ya jingine babur a zaure, ya jawo tsohon Raleigh ko Phoenix na mahaifinsa, ya karkaɗe ƙura ya kai wa mai faci?

Ku tsaya wurin mai faci da safe ku gani. Yana ƙarƙashin inuwa da kwanon ruwa a gabansa, ya ɗan hura tiyub da famfo, yana nutsa shi kaɗan-kaɗan yana juyawa har ya ga inda kumfa ke tsattsafowa. Ya share wurin, ya kankare, ya shafa gam, ya jira ya sha iska, sannan ya manna facin ya danne da babban yatsa. Wani tiyub ɗin facin da ke jikinsa ya fi a ƙirga da hannu ɗaya. A bencin gefe masu jira na hirar farashin taki da labarin wace hanya ce ta yi lafiya yau. Nan ne majalisar masu keke, ba su da wata ƙungiya da ta wuce wannan benci. Amma ku lura da abin da ake kawowa gyara: faci, sarƙa, feda. Birki fa? Da yawa robar ta cinye tun bara, mai keken da silifas ɗinsa yake tsayawa. Fitila kuwa an daɗe da mantawa da ita.

Yanzu ku ɗora wannan keke a kan kwalta gab da magariba. Manomi ya taso daga gona da buhun masara ɗaure a kariya, nauyin ya rinjayi baya, kan keken na rawa. Bakin kwaltar ya zaizaye, tsakaninsa da ƙasa akwai gangare kamar taƙi guda. Tirela ta taho daga baya, wata na zuwa daga gaba, direban ta bayan na kauce wa rami. Ya danna oda. Idan mai keke ya sauka, tayar gaba ta zame a gangaren ya kife. Idan ya tsaya a kan kwalta, iskar tirelar kaɗai ta isa ta fizge shi zuwa ƙarƙashin tayoyin baya. Kuma direban na zaune a hagu, can sama. Abin da ke rakuɓe a damansa kusa da taya sau da yawa ko a madubi ba ya ganinsa. In abin ya faru, a ce ƙaddara, a yi jana'iza kafin dare ko da safe, ba wanda ya rubuta. Mun yi imani da ƙaddara, amma addinin da ya koya mana ita shi ya hana mu sakaci da rai.

Ba Birnin Gwari kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙafa ne da masu keke da masu babur, kuma in aka auna da yawan jama'a Afirka ce ta fi kowa asara. A nan gida, a 2001, Ministan Sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kiran 'yan Najeriya su rungumi keke, har ya riƙa hawa zuwa aiki a Abuja, sai da wata bas ta ture shi cikin kwata. Mutane sun yi ta dariya, ni kuwa ban ga abin dariya ba. In minista bai tsira a titin Abuja ba, ina ga manomin Kuyello ko Dogon Dawa?

Hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta Gwamnatin Tarayya ce. Duk kwangilar gyaranta da ba ta haɗa da shimfiɗa gefe mai faɗi, daidai da tsayin kwaltar, inda keke da amalanke da mai tafiya a ƙasa za su bi ba, to an gyara wa mai mota ne kawai. Wannan a rubuta shi cikin takardar kwangila tun farko, kuma wakilan yankin a majalisa su ne ya kamata su tsaya a kai. A mashigar kowane gari, da gaban makaranta da kasuwa, a yi tudun rage gudu na ƙa'ida, mai fenti da allon gargaɗi, ba tulin ƙasa da kututturen da matasa ke jibgewa cikin fushi bayan an kaɗe yaro ba, wanda shi ma kan jawo wani haɗarin da dare. Dokar hanya ta ƙayyade kilomita 50 a awa ga ƙananan motoci a cikin gari, manya kuma ƙasa da haka. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1988, da hukumar KASTLEA ta jiha, su zo su tabbatar da ita a ranakun kasuwa, lokacin da hanya ke cika. Shugabannin yuniyon a tasha kuma su gaya wa direbobinsu cewa oda ba ta share hanya. In ba sarari, a rage gudu a bi bayan mai keke har a samu.

Ku kuma masu keke, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ku bi hannun dama, hannun da motoci ke bi, ku daina tunkarar mota gaba da gaba. Kuɗin robar birki bai kai na jinyar karaya ba. In dare zai riske ku, ku sa farar riga, ku ɗaura tocila a gaba, ku manna abin nan mai ƙyalli a bayan kariya ko a jikin buhu. Kada a sa wa yaro keken da ƙafarsa ba ta kai feda a ce ya hau kwalta da jarka biyu.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin Ranar Keke ta Duniya tun 2018, kuma a manyan birane akan yi zagaye da riguna masu launi. Birnin Gwari ba zagaye take buƙata ba. A wannan rana ƙaramar hukuma, da goyon bayan fadar Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Mai Gwari II, ta tara masu faci na kowace gunduma, daga Randagi da Kakangi har Tabanni, ta ba su robar birki da abin ƙyalli su ɗaura wa duk keken da ya zo, kyauta. Hakimai da dagatai kuma a ba su littafi, duk haɗarin da ya rutsa da mai keke a rubuta wuri da lokaci, domin idan injiniyoyi suka zo a nuna musu kwanar da ke cin mutane.