Shaho Ba Abokin Gābar Manomi Ba Ne

Ƴan'uwa manoman Matameye da Kance, ku saurara. Akwai wata ɓarna da muke yi da hannunmu, muna kiranta dabara. Yaro ya ga shaho bisa gawo, sai ya ɗauko danƙo. Babba ya ga sheƙa, sai ya sa a hau a kwashe ƙwai. Wani ya zuba guba cikin mushe, ya kashe ungulu da mikiya, ya yanke kawunansu ya kai wa masu maganin gargajiya. Wannan ba wayo ba ne. Asara ce.

Me shaho ke ci? Ƙaramin shahon nan mai jan baya, wanda ke tsayawa cak a sama yana kaɗa fiffike, abincinsa fara ne da ɓera da ƙadangare. Wasu daga cikin irinsa daga ƙasashen Turai suke tasowa. Sukan ƙetare teku da hamada, su iso ƙasashenmu bayan damina, su yi rani suna cin fara. A shekarar 2007, a wani tsibiri kusa da Kawlak ta ƙasar Senegal, an ƙirga irin wannan shaho sama da 28,000 suna kwana wuri ɗaya. Fara ce ta tara su.

Wani zai ce: «Ai yana ɗaukar mini ƴan tsaki.» Gaskiya ne, shirwa da babban shaho sukan yi haka. To, amma maganin wannan akurki ne. Ka rufe ƴan tsakinka har su yi ƙwari. Ka auna da kanka: ɗan tsako ɗaya da damin hatsi goma, wanne ya fi?

Ba a manta da farar shekarar 2004 ba, da yunwar da ta biyo baya a 2005. Tsuntsu ba ya iya tare fara mai rufe rana irin waccan. Amma farar gida, wadda ke ƙyanƙyashewa cikin saura ta faɗa wa gero, shaho da shamuwa da belbela suna rage ta kowace rana. Ba su neman lada, ba su neman fura.

Kuma suna ƙarewa. Wani masani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya ƙirga tsuntsaye a hanyoyin Nijar da Mali da Burkina Faso daga 1969 zuwa 1973. Ya sake ƙirgawa a 2003 da 2004. Ya tarar manyan ungulaye, a wajen gandun daji, cikin ɗari kusan biyu kaɗai suka rage. Ku tambayi tsofaffi yawan ungulun da ke sauka mahauta a da, ku duba yau.

Mutanen Matameye da Magariya da Mirriya sun yi suna wajen raya gawo cikin gonakinsu, har baƙi na zuwa gani. Wanda ya raya itace, don me zai kashe mai gadin da ke bisansa? Ga kuma dokar farauta ta 1998, wadda ta hana kashe namun daji barkatai.

Saboda haka, uba ya tsawata wa ɗansa. Mai gari ya hana zuba guba cikin mushe. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa. Kowa ya ƙona rumbunsa, ya san inda toka ke kuɗi.