Daga Filin Wasa Zuwa Ɗakin Majinyata

Duk shekara idan lokacin cika takardun JAMB ya zo, abu uku za ka ji 'yan ajin ƙarshe suna kira: likita, lauya, injiniya. Wanda ya kuskura ya ce shi ilimin motsa jiki zai karanta a jami'a, dariya za a yi masa, a ce guje-guje da tsalle-tsalle ai ba karatu ba ne. Ni ban yarda da wannan ba. Hujjata kuwa zan ɗauko ta ne daga wata sana'ar asibiti wadda yawancinmu ko sunanta ba mu taɓa ji ba.

Turawa suna ce mata okupeshinal terafi. Mu sai mu kira ta jinya ta hanyar aiki. Ba ita ce gashin ƙashi ba, ko da yake danginta ce. Mai gashin ƙashi yana fama ne ƙafa ta ɗauki mutum, hannu ya miƙe. Shi kuwa wannan tambayarsa ita ce: to, hannu ya miƙe, me za a yi da shi? Mu ɗauki uwa wadda hawan jini ya jawo mata shanyewar ɓarin jiki. An sallame ta daga asibiti, amma ɗaura zane ya gagare ta, tuƙa tuwo ya gagara, makewayi ma sai an riƙe ta. Aikin wannan ma'aikaci ne ya koya mata ɗaura zane da hannu ɗaya, ya ƙara wa mariƙin cokali kauri don yatsu su kama, ya je gidan ya ce a kafa ƙarfen dafawa a makewayi. Wanda ya taɓa jinyar irin wannan uwa ya san ranar da ta ci abinci da hannunta ba ƙaramar rana ba ce.

A Amurka aka kafa ƙungiyar wannan sana'a a 1917, a garin Clifton Springs na jihar New York, kuma ta bunƙasa wajen jinyar sojojin da suka dawo da raunuka daga yaƙin duniya na ɗaya. A can, tun 2007 ba a shiga sana'ar da digirin farko kawai. Dole mutum ya gama digirin farko a wani fanni, sannan ya yi digiri na biyu ko na dakta a kan jinyar, ya yi aƙalla mako 24 yana koyon aiki a ƙarƙashin ƙwararru, ya ci jarrabawar ƙasa, kafin a ba shi lasisi. Saboda haka kowane ɗalibi a can sai ya tambayi kansa: me zan fara karantawa? Da yawa sukan zaɓi ilimin motsa jiki da jagorancin masu motsa jiki. A ganina sun yi zaɓi mai kyau.

Dalili na farko a fili yake. Wannan karatu yana koyar da ƙasusuwa da gaɓoɓi da tsoka, da yadda zuciya da huhu ke aiki idan jiki ya ɗauki wahala, kuma makarantun jinya suna neman waɗannan darussa kafin su karɓi ɗalibi.

Dalili na biyu shi ne ya fi ɗaukar hankalina, wato jagoranci. Ku tambayi firifet ɗin wasanni yadda ake fitar da 'yan gida gudun asuba a cikin hunturu. Wannan ya ce ciki, wancan ya ce kai, wani ya shige ƙarƙashin gado. Bulala za ta fitar da su yau, amma ba za ta sa su so abin ba. Jagora na ƙwarai ya san wanda za a lallasa da wanda za a zuga, ya san ba a fara wa sabon shiga da zagaye goma, sai biyu, gobe uku. To, majinyacin da ya fid da rai ya fi ɗan aji ɗaya wuyar tayarwa. Ya gwada sa maɓallin riga sau ashirin ya kasa, ya ce a ƙyale shi. Ma'aikacin da ya iya gutsura aiki ƙanana-ƙanana, yau babban maɓalli ɗaya, jibi biyu, har mutum ya ga ci gaba da idonsa, shi ne zai yi nasara. Ana koyon wannan a littafi, amma wanda ya yi shekaru yana jan mutane a fili ya riga ya saba da shi.

Asibiti da filin wasa ma sun daɗe da sanin juna. A 1948 likita Ludwig Guttmann ya shirya gasar harbin kibiya ga majinyata 16 masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville na Ingila. Daga nan aka samo gasar naƙasassu ta duniya da aka fara a Roma a 1960, wadda a cikinta Nijeriya ta ci zinare takwas a Rio a 2016, shida daga ɗaga nauyi.

Sai dai ba zan ɓoye inda wannan hanya ta gaza ba. Ilimin motsa jiki ya fi ma'amala da masu lafiya da manyan tsokoki. Jinya ta hanyar aiki kuwa ta shafi yatsu da tunani, da yaron da ya kasa riƙe fensir, da dattijon da mantuwa ta kama, da mai taɓin hankali da ke son komawa sana'arsa. Wanda bai haɗa da ilimin halayyar ɗan Adam ba zai isa can da gurguwar fahimta. Kuma ɗan wasan da ya saba da ihun "ƙara, ƙara!" sai ya koyi yin shiru yana kallon dattijo yana fama da maɓalli minti goma, bai karɓe masa ba. Ga tsawon lokaci da kuɗi, don shekara shida ke nan ko fiye.

'Yan'uwana ɗalibai, kada kuma mu ruɗe, tsarin Amurka ba namu ba ne. A Nijeriya ana shiga kai tsaye. Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife tana koyar da wannan jinya a digirin farko, akwai kuma makarantar tarayya ta wannan fanni a Oshodi, Legas. Hukumar rajistar masu aikin farfaɗo da majinyata, wadda aka kafa da dokar 1988, ita ke ba da izinin aiki, kuma digirin motsa jiki kaɗai ba zai kai ka gare shi ba. Mai son sana'ar nan a gida sai ya riƙe bayoloji da kemistiri da fizis da kyau tun daga SS1.

Abin da nake roƙo shi ne kada ya bar fili saboda su. Na sha ganin 'yan ajin kimiyya suna ɓuya a laburare da yamma, har wasu iyaye na neman a ɗauke wa 'ya'yansu wasanni wai don su maida hankali ga karatu. Ina ba hukumar makaranta shawara ta riƙa ɗora wa masu niyyar aikin asibiti nauyin horar da ƙananan ɗalibai, musamman waɗanda ba a taɓa zaɓa a gasar gidaje ba: mai ƙiba, mai asma, da wanda shan inna ya taɓa wa ƙafa. A ba kowannensu yara biyar na zango ɗaya, malamin wasanni yana dubawa.