Ɗaliban Kebbi, horon aiki na nan a harkar shinkafa

Idan lokacin horon SIWES ya zo, ɗalibai da yawa daga Kwalejin Waziri Umaru da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ma'aikatun gwamnati suke nufa. Wasu sukan shafe watanni a can ba su taɓa komai ba, sai sa hannu a littafi.

Alhali aikin yana kusa. An ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a 2015, aka buɗe masana'antar WACOT a Argungu a 2017, ga kuma Labana. A gefensu akwai ƙananan kamfanoni masu tasowa: masu sayen shinkafa daga manoma, masu casa, masu girka famfon ban ruwa na sola. Duk suna buƙatar wanda ya iya gyaran inji, auna danshin shinkafa da riƙe lissafi.

Ya kamata makarantu su tattara sunayen waɗannan kamfanoni su ba ɗalibai, kamfanonin kuma su riƙa biyan kuɗin mota. Shi kuwa ɗalibi, kafin ya karɓi gurbi, ya tambaya: wa zai koya masa, kuma me zai yi da hannunsa?