Wayar da Ke Binne a Bakin Ƙofa, da Haƙƙin Mai Tafiya a Ƙasa

Duk wanda ya saba shiga da mota manyan kantuna, ko asibitoci, ko filayen jirgin sama na biranenmu a 'yan shekarun nan, lalle ya ga irin sandar nan mai ratsin ja da fari da ke gicciye a bakin wurin ajiye motoci, wadda in mutum ya zari tikiti sai ta ɗaga da kanta, in ya wuce kuma ta sauko, ba tare da an ga hannun ɗan Adam ya taɓa ta ba. Na sha jin mutane suna gardama a kan sirrinta, waɗansu na cewa sikeli aka binne yana auna nauyin mota, waɗansu na cewa wani ma'aikaci ne ke zaune a ɓoye yana kallo ta kyamara. Alhali kuwa wanda ya sunkuyar da kai ya dubi ƙasa zai ga wani baƙin zane mai kusurwa huɗu an tsaga shi a jikin kwalta, an cike tsagar da ƙaro, kuma a nan ne asirin yake kwance. Na ga ya wajaba in yi bayaninsa gwargwadon iko, domin jahiltar wannan abu ba a kan masu gardamar bakin titi kaɗai ta tsaya ba, har ta kai ga masu sayensa da masu kafa shi, kuma a nan ne illar take.

Abin da ke cikin tsagar nan waya ce ta jan ƙarfe mai riga, guda ɗaya tak, ba gami ba ƙulli. Akan kawo injin yanka a tsaga daɓen, zurfin kamar santimita 3 zuwa 5, a karya kusurwoyin don kada kaifinsu ya yanke rigar wayar, sa'an nan a kewaya da ita cikin tsagar sau 3 ko 4, a murɗe bakunanta biyu da juna kamar tufkar igiya, a ja su zuwa wani ɗan akwati da ke cikin gindin sandar, wanda girmansa bai fi a riƙe shi a tafin hannu ba. Wannan akwati shi ne ke aika wa wayar wutar lantarki 'yar kaɗan, mai kai da komowa cikin gaggawar da hankali ba ya iya suranta ta, tsakanin sau 10,000 da sau 200,000 a daƙiƙa guda, gwargwadon yadda aka saita shi. Kuma sunnar halitta ce cewa duk inda lantarki ya gudana cikin waya, sai ƙarfin maganaɗisu ya kewaye ta. Saboda haka a saman wannan zanen akwai wani fili na maganaɗisu da ido ba ya gani, yana nan dare da rana yana jiran abin da zai shigo cikinsa.

Asalin ilmin nan ya girmi mota da shekaru masu yawa. A shekarar 1831, a birnin Landan, Michael Faraday, wanda ɗan maƙeri ne, kuma ya fara neman ilminsa yana yaron mai ɗinkin littattafai, ya naɗa wayoyi biyu a jikin wani zoben ƙarfe, ya tabbatar da cewa sauyawar ƙarfin maganaɗisu tana haifar da lantarki a cikin wayar da ba a haɗa ta da kome ba. A 1834 Heinrich Lenz, a ƙasar Rasha, ya fito da ƙa'idar cewa lantarkin da aka haifar ta wannan hanya kullum saɓa wa sababin da ya haife shi yake yi. Sa'an nan a 1855 Léon Foucault na Faransa ya nuna yadda irin wannan lantarki ke kewayawa cikin jikin faifan ƙarfe kamar 'yar guguwa. Sai a farkon shekarun 1960 aka soma binne irin wannan waya a tituna don fitilun ba da hannu, daga can kuma ta gangaro ƙofofin wuraren ajiye motoci.

To, ga yadda waɗannan ƙa'idodi suke aiki a bakin ƙofa. Idan mota ta hau kan zanen, sai filin maganaɗisun ya ratsa shimfiɗar ƙarfen da ke ƙarƙashinta, ya tayar da ƙananan guguwoyin lantarki a jikinta, su kuma, bisa ga ƙa'idar Lenz, su haifar da nasu maganaɗisun wanda ke ture na wayar. Da haka sai ƙarfin da wayar ke da shi na riƙe maganaɗisu ya ragu, da ya ragu kuwa sai kai da komowar lantarkin ta ƙara sauri. Akwatin ba shi da wani aiki sai ƙidayar wannan sauri da gwada shi da wanda ya sani tun farko, kamar yadda mai goge, ko da idonsa a rufe yake, yakan gane an ɗora yatsa a kan tsirkiya saboda amon ya sauya. Kuma jinsa ya kai inda ko da sauyin bai cika kashi 1 cikin 1,000 ba zai iya gane shi, ya rufe wani ɗan makunni, ya shaida wa injin sandar cewa ga mota ta iso. Babu ruwansa da nauyi ko kaɗan. Faffaɗan faifan alminiyam, wanda yaro zai ɗauka da hannu ɗaya, ya fi buhun siminti goma motsa shi, domin sharaɗin shi ne abin ya kasance mai gudanar da lantarki, mai faɗi, kuma kusa da ƙasa.

A ƙofar da aka tsara da kyau ba waya guda ake binnewa ba. Akwai wadda ke daidai injin tikiti, wadda ke hana shi fitar da takarda sai in da mota a gabansa, don kada wani ya zo da ƙafa ya yi ta zarar tikiti. Akwai wadda ke ƙarƙashin sandar kanta, kuma ita ce mafi girman amana, domin ita ke hana sandar saukowa muddin mota na kanta, ita ke kuma ba da izinin saukowa da zarar motar ta wuce. A wajen fita kuma, inda ba a biyan kuɗi, akan sa wadda ke ɗaga sandar da kanta. In aka jera biyu kusa da juna, sai na'urar ta san wadda aka fara takawa, ta bambance mai shiga da mai fita, ta haka ake ƙidaya gurbin da ya rage a ciki.

Ba zan ɓoye ba, ina ganin girman wannan hikima, kuma ina fifita ta a kan abubuwa da yawa da suka fi ta ƙyalƙyali. Ƙurar hunturu da ke makantar da gilashin kyamara ba ta dame ta ba, duhun dare da hasken rana tsaka duk ɗaya ne a wurinta, ba ta da wani sashi mai motsi da zai cinye, kuma ɓarawo ba ya samun abin cirewa. Wata falalar kuma da ba a cika ambata ba, ita ce ba ta san kowa ba: ba ta karanta lambar mota, ba ta ɗaukar hoton fuska, ba ta ajiye labarin wane ya zo asibiti ran kaza, kuma a zamanin da tajassusi ya zama ciniki, na'urar da ke yin aikinta ba tare da bin diddigin mutane ba ta cancanci yabo.

Amma wannan siffa da ta zama falalarta ita ce kuma iyakarta, kuma a nan nake roƙon mai karatu ya tsaya ya yi nazari. Wayar nan ƙarfe take ji. Mutum, ko jaki, ko akuya, ko makaho da ɗan jagoransa, in sun tsaya a kanta, a wurinta daidai suke da fili wayam. Saboda haka idan mota ta wuce, sai ta ba da izinin saukowa nan take, ko da kuwa akwai mai tafiya a ƙasa da ya biyo bayan motar yana ƙarƙashin sandar. Na ga haka da idona a ƙofar wani wuri da ba zan ambata ba: wata baiwar Allah da goyo a bayanta ta bi bayan mota, domin babu wata ƙofar da aka tanadar wa masu ƙafa, sandar ta taho, kuma da ba don wani dattijon mai gadi ya yi wuf ya tare ta da hannu biyu ba, da a kan jaririn za ta sauka. Na daɗe ina tuna fuskar dattijon nan, da yadda ya yi ta salati bayan abin ya wuce.

Ko a cikin abin hawa ma ba duka take ji daidai ba. Masu wannan sana'a suna da ƙiyasin cewa tsawon da waya ke iya ji a samanta bai wuce kamar kashi 2 cikin 3 na gajeren gefen zanen ba; don haka ƙaramin zane yakan ji kan tirela ko tanka, sa'an nan ya rasa tsakiyarta saboda tsayinta daga ƙasa, ya ɗauka ta wuce, ya sauke sanda a kan bodinta. Babur da keke kuwa ƙarfensu kaɗan ne, kuma a tsaye yake ba a shimfiɗe ba, in suka bi ta tsakiyar babban zane sai ya zamana ba a ji su ba sam, sai in sun taka daidai kan tsagar. A ƙasashen da aka ƙera waɗannan na'urori mota ce mafi rinjaye a ƙofa. Mu kuwa ƙofarmu ta babur ce, da Adaidaita Sahu, da mai baro, da mai kurar ruwa, da ɗimbin masu tafiya a ƙasa, kuma wanda ya kwafo awon zanen daga takardar masu ƙerawa bai dubi masu bin ƙofarsa ba, haƙiƙa ya yi taƙlidi a inda ake bukatar ijtihadi.

Akwai kuma mas'alar wuta, wadda ta fi shafarmu. Duk lokacin da aka kunna akwatin nan, yakan auna halin da ya tarar da wayar, ya riƙe shi a matsayin ma'aunin fili babu mota. To, idan aka ɗauke wuta alhali mota na tsaye a kan zanen, aka tayar da janareto, sai akwatin ya farka ya lissafa motar a cikin daɓe, ya ce babu kome, sandar kuwa ta sauko a kan rufinta. Akwai akwatunan da ke tuna halin da suke ciki kafin yankewar wuta, akwai kuma batirin da ke riƙe na'urar har janareto ya kama, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba in an gwada da kuɗin sandar. Amma sai mai saye ya san da mas'alar kafin ya nemi maganinta.

Galibin abin da ake ɗora wa na'urar na laifi kuwa, in aka bi salsala, sakacin aiki ne. Wani ya yi gami a cikin tsaga, damina ta zo ruwa ya shiga. Wani ya tura wayar da bakin sukuddireba ya huda rigarta. Wani bai murɗe bakunan ba, sai suka zama suna jin duk ƙarfen da ya gifta. Wani ya shimfiɗa ta dab da rodin kankare, rodin ya shanye jinta. Wani ya sa ta ƙarƙashin tubalin daɓe mai motsi, kowace mota ta wuce sai wayar ta gusa, sandar ta yi ta ɗagawa babu dalili. Wani kuma ya saita akwatuna biyu maƙwabta a kan sauri guda, suka yi ta shiga maganar juna. Daga nan sai a ce kayan Turawa ba sa jure ƙasarmu, a ɗaure sandar da igiya a sama, dukiya ta tafi a banza. Wannan duk ilmi ne da ɗalibin kwalejin fasaha zai iya ƙwarewa a kansa cikin 'yan makonni, da ma'aunin lantarki a hannunsa, in da za a koya masa. Kuma ina ganin abin kunya ne a ce sai an ɗauko mai gyara daga wani gari mai nisa saboda waya mai kewaye huɗu.

Malamanmu na fiƙihu sun tabbatar da cewa tunkuɗe ɓarna yana gaba da jawo amfani, sun kuma yi dogon bayani a babin lamuni game da wanda ya kafa wani abu a kan hanyar jama'a har ya cuci mai wucewa. Ban ga abin da zai fitar da sandar ƙofa daga wannan babi ba. A Amurka ma, ƙa'idar da ake kira UL 325, wadda ta shafi ƙofofi masu aiki da inji, ba ta lissafa wayar ƙasa a cikin abubuwan da ke kare mutum ba, sai dai irin su idon haske wanda ke tsayar da ƙofa in wani jiki ya gifta, ko bakin roba mai jin taɓawa. Don haka abin da nake kira gare shi, ga masu asibitoci da kantuna da hukumomin da ke ba da izinin gini, shi ne kada a yarda a kafa sanda sai da idon haske a ƙarƙashinta, da 'yar ƙofa ta dabam ga masu ƙafa, kuma kada a karɓi aiki daga ɗan kwangila sai an gwada shi da babur, an gwada da babbar mota, an kashe wuta an kunna alhali mota na kan zanen.

Mai gadi kuwa, wanda na ji waɗansu na cewa na'ura ta zo ta hutar da su biyan albashinsa, a bar shi a bakin ƙofarsa, a kuma koya masa abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa: a nuna masa zanen, a gaya masa abin da wayar ke ji da abin da ba ta ji, a nuna masa 'yar fitilar da ke kamawa a jikin akwatin in mota ta hau, da maɓallin da ake dannawa a sake saita shi bayan an kawar da mota, da yadda ake sakin sandar da hannu ranar da wuta ta ƙi. Dattijon da na ba da labarinsa, da na tambaye shi daga baya, ya ce mini shekararsa biyu a ƙofar nan, babu wanda ya taɓa gaya masa cewa akwai waya a ƙasa.