An rage "bonus", ƴan caca na ƙorafi: to dama kuɗin wa ake rabawa?

Ƴan'uwa matasa, akwai wani ƙorafi da ya yi yawa a fadojinmu, daga Zango da Birni har Tirmini. Masu buga cacar ƙwallo da ta kazino a salula suna kukan cewa kamfanoni sun tsuke hannu. Da, in ji su, ka zuba jika biyar a ninka maka ta zama goma. Yanzu kyautar ta ragu, sharuɗɗan sun yi tsawo, kwanakin da ake ba ka sun gajarce. Wani ma har cewa yake an ci amanarsa, kai ka ce ma'aikaci ne aka zaftare wa albashi.

Ban raina masu wannan kuka ba. Abokan karatunmu ne, ƙannenmu ne, ƴan kabu-kabun da ke kai mu kasuwar Dole ne. Amma ina ganin fushin nasu ya ɓata hanya, don haka mu zauna mu yi lissafi tare.

Wannan kuɗin da ake kira bonus, ba ka da ikon cire shi ka sayi ko da sukari. Sai ka cika sharaɗi. Irin wanda aka saba gani shi ne ka buga kuɗin sau biyar, kowane tikiti da wasa uku ko fiye, kowane wasa kuma kot ɗinsa kada ya gaza 1.40. Ke nan mai kyautar jika biyar sai ya jera cacar jika ashirin da biyar kafin a buɗe masa ƙofa. Wasa uku masu 1.40 kuwa, ko da ba a cire ribar kamfani ba, cikin tikiti uku kusan biyu faɗuwa suke yi. A ce kamfanin yana yankar kashi 5 cikin 100 a kowane wasa. In aka haɗa uku, yankan ya kai kashi 14. Kashi 14 na jika ashirin da biyar, jika uku da rabi ke nan. To daga cikin jika biyar ɗin da aka ce an ba ka, me ya saura? Kuma wannan lissafin mai sanyin zuciya ne, wanda ya tsaya inda sharaɗi ya ƙare. Wanda zuciyarsa ta hau, ya sake zuba nasa don ya rama, shi nasa lissafin Allah kaɗai ya san ƙarshensa.

Duk wanda ya taɓa kiwo ya san yadda ake kama kaza. Ana watsa mata tsaba har bakin akurki, in ta shiga a rufe. Babu mai ci gaba da watsa tsaba a tsakar gida bayan kaza ta shige. Kyauta mafi tsoka ta sabon shiga ce, sau ɗaya tak. Tsohon ɗan caca da ya riga ya saba, kamfanin ya san ko ba kyauta zai dawo ran Asabar in ana buga gasar Ingila. Saboda haka wanda ya ga kyautarsa na raguwa, alama ce kamfanin ya gama lissafinsa a kansa.

A wasu ƙasashe ma hukuma ce da kanta ta sa aka rage. Suwidin tun 2019 ta hana kamfani ya ba mutum kyauta fiye da sau ɗaya. Barazil, a dokar da ta kafa ƙarshen 2023, ta haramta kyautar jawo sabon mai caca. Hukumar kula da caca ta Ingila ta yanke cewa sharaɗin maimaita buga kuɗin kyauta kada ya wuce sau goma. Waɗannan ƙasashe ba Hisba ke mulkinsu ba, caca halal ce a dokokinsu, amma sun gane cewa kyautar ita ce ƙugiyar. Abin da su suke kare mutanensu daga gare shi, mu shi muke kukan an rage mana.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ƴan'uwanmu ke mayar da martani. Wani sai ya buɗe sabon asusu don ya sake cin kyautar sabon shiga, da layin wayar mahaifiyarsa ko katin ɗan ƙasa na matarsa, baiwar Allah ba ta ma san an rubuta sunanta a gidan caca ba. Wani ya koma shafukan da ba a san inda masu su suke ba, masu alkawarin ninki uku, ran da ya ci kuma ya je cirewa a rufe asusun, ba ofishi, ba wanda za a kai ƙara. Wani ya faɗa hannun masu sayar da "kupon tabbas" a Telegram da WhatsApp. Don Allah mutumin da ya san sakamakon wasan gobe, me zai yi da jikarka biyu? Wani kuma ya ƙara yawan abin da yake zubawa, wai don ya cike giɓin da rashin kyautar ya bari. Kaɗan ne suka ce tunda abin ya zama haka sun haƙura, kuma su ne suka ci riba.

Na ambaci Tirmini da gangan. Garin manoma ne a bakin babbar hanyar da ta taso daga Takeita zuwa Damagaram, babu ginin kazino ko ɗaya, amma kazino na cikin aljihun duk yaron da ke da salula da kuɗin intanet. Kuɗin da ke shiga can ba daga sama yake faɗowa ba. Kuɗin wake ne da aka sayar bayan kaka, kuɗin akuyar da aka kai kasuwa, kuɗin da ɗan ci-rani ya turo daga Kano ko Libiya ko wurin haƙar zinariya a Jado don a sayi hatsi. Ana ɗanna waya cikin dare, ba wanda ya gani. Sai damina ta kama, rumbu ya yi ƙasa, farashin tiyar gero ya hau, sannan gida ya gane ramin da aka haƙa. Mai rufe ramin kuma kusan kullum mace ce, da kuɗin adashenta.

Tun 2023 kowa a Nijar zancen ƴancin kai yake, kuma zancen yana kan hanya. A nan Tirmini dakarun Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga suka tari sojan Faransa a watan Yuli na 1899. To mu tambayi kanmu ina kuɗin cacarmu ke kwana. Iyayenmu sun shekara da shekaru suna cika takardun PMU kan dawakan da ke gudu a filayen Faransa, dawakan da ba su taɓa gani ba. Mu kuma mun koma manhajojin da da yawansu lasisinsu na tsibirin Kurasawo ne, can yankin Karibiyan. Mai cewa arzikin ƙasa ya tsaya a ƙasa, ya kamata ya haɗa da wannan ƙofar da ke yoyo kowane dare.

Maƙwabtanmu na Kano sun gwada rufe shaguna. A 2024 Hisba ta garƙame shagunan caca, kuma a watan Nuwamba na shekarar kotun ƙolin Najeriya ta ce tsara harkar caca hurumin jihohi ne. Sai dai kwaɗo na rufe ƙofar shago, ba ya rufe waya. Shi ya sa buƙatunmu suka wuce nan.

Ga hukumomi, da LONANI da ma'aikatar kuɗi: a hana tallan kyautar jawo sabon mai caca, a tilasta wa duk kamfanin da ke aiki a ƙasar nan ya bayyana sharuɗɗansa da Hausa da sauran harsunanmu, a kuma tsananta binciken shekaru, don yaran koleji na ciki. Ga kamfanonin waya da na tura kuɗi: a ba mutum hanyar da zai toshe layinsa daga zuba kuɗin caca in ya so. Ga masu mabiya a TikTok da Facebook da ke raba "kod promo": ku gaya wa mabiyanku gaskiya, cewa sau da yawa ladan da ake biyan mai talla kaso ne daga asarar wanda ya shiga ta hannunsa. Ga malamanmu: hukuncin caca a fili yake a Suratul Ma'ida, kuma yaran sun sani. Abin da suka rasa shi ne wanda za su faɗa wa halin da suke ciki ba tare da an tozarta su ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka, mai cuta kuwa jinya yake buƙata tare da nasiha.

Na san amsar da za a ba ni: ba aikin yi, digiri na cikin akwati, me za mu yi? Gaskiya ne, kuma wannan faɗan ba za mu daina yin sa da masu mulki ba. Amma rashin aiki ya isa nauyi shi kaɗai, kada mu ɗora masa bashi.

Ɗan'uwa, in kana bugawa, ba sai ka yarda da ni ba. Buɗe saƙonnin tura kuɗi na wayarka na wata ukun da suka wuce. Ka rubuta abin da ka zuba a gefe ɗaya, abin da ka cira a ɗaya gefen, ka haɗa da kanka, ba mai kallonka. In ka ga abin da nake zaton za ka gani, ka nemi mutum ɗaya da ka amince da shi ka nuna masa takardar. A tura wannan ga wanda ya dace. Allah ya rufa mana asiri.